Barcin Mutari

Litinin, 17 ga azumi, ƙarfe biyar na yamma

Barcin Mutari jiya: awa biyu.

Iyakar abin da aka ce in rubuta ke nan. Dokta Mariyam ta ce in nemi kaye, wato littafin rubutu, kullum in sa awa nawa ƙanena ya yi barci, in kai mata bayan Sallah. Ta ɗora mini aikin ne don ta ji ni malamar lakwal ce, shekara ashirin ina kiran sunan ɗalibai a makarantar Harobanda, nan Niamey, sai ka ce barci ɗan aji uku ne da zan kira ya amsa. Na sayi kaye mai shafi ɗari biyu saboda layi ɗaya a rana, kuma ban ga dalilin barin sauran wurin fari ba. Lambobin zan kwafe mata a takarda daban. Wannan nawa ne.

Nafissa, matar Mutari, ita ta kira ni ranar Juma'a tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce kwana biyar bai kwanta kwanciyar kirki ba, daga shagonsa na Talladjé sai masallaci, daga masallaci sai shago. Na ce mata ai tela ne, kuma azumi ya raba tsakiya, wane tela ke barci yanzu? Ta ce ba rashin barcin ba ne ya dame ta, rashin gajiyar ne.

Da dabara muka kai shi, muka ce Inna za a auna wa jini, ya zo ya raka mahaifiyarsa. Yana shiga ya cika ɗakin da zance. Ya dubi farar rigar likita ya ce wanda ya ɗinka ta bai san kafaɗa ba, ta ba shi ita zai gyara kafin la'asar. Ya gaya mata zai buɗe shago a Maradi da Damagaram da Kano cikin shekara ɗaya. Ta bar shi ya yi ta yi, tana rubutu. Da ya fita amsa waya sai ta juyo wurinmu, ta tambaya ko a danginmu akwai wanda ya taɓa yin irin haka, wata guda ba barci ba gajiya, daga baya kuma ya faɗi ya kasa ko ɗaga kai.

Inna ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Na ce, “Babu.”

Babanmu, Malam Hamisu tela, ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, a kogi wajen Tondibia. Santsi ya kwashe shi yana alwala. Haka muke faɗa. Wannan azumin bai ba ni tsoro ba, kwana tara bayan Sallah nake tsoro.

Talata, 18 ga azumi, ƙarfe huɗu da minti arba'in, bayan sahur

Barcin Mutari: awa ɗaya da rabi, a kan tabarmar shago.

Ina ta juya maganar likitar. Ta ce kowane jiki yana da agogonsa, ba a kai kaɗai ba, har cikin hanta da jini, shi ke gaya wa mutum lokacin barci da na farkawa da na yunwa. Ta ce saitinsa gadonsa ake yi ta ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gadon tsawo ko wushirya. Masu bincike, in ji ta, sun lura cewa a wasu gidaje agogon nan ba ya da wuyar gocewa, kuma sau da yawa a irin gidajen ake samun ciwon da zuciya ke hawa sama ta sauko ƙasa. Ta ce ba a gama gane yadda abin yake ba, kuma ba duk wanda ya gada ne zai kamu ba. Sai dai rashin barci shi ne ashanar da ke kunna shi. Shi ya sa ta yi tambayar dangi, don amsar tana sauya irin maganin da za ta zaɓa da irin tsaron da za a yi masa.

Ta ba da magani a sha bayan buɗa baki, ta ce ya kwanta ƙarfe goma. Tela, a goman tsakiya, ya kwanta ƙarfe goma! Ko Inna sai da ta yi dariya. Da muka tashi ta ce mana “kala suuru” da Zabarmanci, wato sai haƙuri, kuma ni ta kalla da ta faɗa.

Na koyar da yara cewa ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Jiya na yi ta da azumi a bakina.

Ni dai lafiyata ƙalau. Zafi ne ya tashe ni tun uku.

Alhamis, 20 ga azumi, ƙarfe shida na yamma

Barcin Mutari: awa ɗaya.

Daga lakwal na tsallaka gada na wuce Talladjé. Shagon ba masaka tsinke. Shadda tsibi-tsibi har rufi, kowace da sunan mai ita da alli. Duk garin nan an san Mutari ba ya mayar da ɗinki, don haka wanda telansa ya kora, nan yake zuwa. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun azahar, sauran telolin layin suna zaune suna fifita, shi kuwa ya jawo tsohon keken Baba na ƙafa yana ta taka shi, yana waƙa, yana zolayar maƙwabta cewa su masu keken wuta ragwaye ne. Ya yi kyau, wannan shi ne abin haushin. Idonsa na ƙyalli, bakinsa da daɗi, kowa na son zama kusa da shi.

Inna na zaune a benci kamar an naɗa ta sarauta. Ta kawo masa ganyen shayi da sukari da goro don dare. Wani ya ce Mutari ƙarfe ne, ta ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ubansa ya taɓa yin kwana goma sha ɗaya bai runtsa ba, ya ɗinke wa rabin unguwa kayan Sallah. Aka yi ta “Allah ya ji ƙan Malam Hamisu.” Ni ma na ce amin.

Tun muna yara da wannan ake yi mana kirari: gidan da barci ba ya ci. Kakarmu ta Damagaram, uwar Baba, an ce tun kafin zakara take daka wa maƙwabta hatsi ba wanda ya sa ta, ana cewa baiwa ce. Ba a cika faɗin watannin da take rufe kanta a ɗaki ba.

Na ce masa ya sha maganinsa kuwa? Ya ce, “Yaya Balki, ni da nake ji kamar an sake haihuwata, me zan yi da magani? Amma saboda ke ina sha.”

Juma'a, 21 ga azumi, ƙarfe uku da rabi na dare

Barcin Mutari: Nafissa ta ce ba ta gani ba.

Na gama gyara takardun jarrabawar aji biyu, nawa da na abokiyar aikina.

Lahadi, 23 ga azumi, ƙarfe biyu na rana

Barcin Mutari: minti arba'in, a zaune.

Ya rataye igiyar awo a ƙusa.

Na shiga shagon na tarar da wuyansa ba komai. Tun yana shekara goma sha biyar ban taɓa ganin Mutari ba igiyar awo a wuya ba, har wurin ɗaurin aurensa sai da aka cire masa ita. Yau tana rataye a bayan ƙofa. Mutum zai shigo da shaddarsa, Mutari ya kalle shi daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya, ya ce an gama, ya tafi. Littafin da yake rubuta awon mutane ya zama abin tokare ƙafar tebur. Ya ce idonsa ya buɗe, yanzu yana ganin awon mutum kamar an rubuta masa a goshi. Almakashi na ta tafiya cikin yadi ba alli ba komai.

Na san wannan ƙusar. Wata ƙusa ce dai a wani shago, amma na san ta. Shekarar da Baba ya rasu, a goman ƙarshe, shi ma haka ya rataye tasa ya ce ya wuce awo. Ina da shekara ashirin da biyar, na yi dariya tare da kowa.

Na ciro igiyar Mutari na miƙa masa, ya karɓa da fara'a ya sake ratayewa. Ban iya tsayawa ba. Na fita na zauna a bayan shago, na yi kuka har leɓena ya tsage, ba halin in sha ruwa.

Litinin, 24 ga azumi, ƙarfe uku da kwata na dare

Babu.

Laraba, 26 ga azumi, ƙarfe tara na safe

Barcin Mutari: babu. Kwana na uku.

Nafissa ta gano maganin. Tana neman maɓalli don rigar ɗiyarsu, ta zazzage gwangwanin maɓallai, sai ga su farare guda tara a cikin maɓallan. Kullum yana karɓa daga hannunta, ya kai baki, ya ce bismillahi.

Na ɗauki gwangwanin na tafi wurin Inna. Na ce mu koma mu gaya wa likita gaskiya, maganar Baba da ta Kaka. Ta ci gaba da tsince shinkafa kamar da bango nake. Ta ce wace gaskiya? Mijinta santsi ya kwashe shi, an yi masa sallah, liman ya tsaya a kansa, wa ya isa ya zo bayan shekara goma sha tara ya sauya masa mutuwa? Na ce ba mutuwar Baba nake so in sauya ba, ta Mutari nake so in hana. Ta ajiye faifan.

“Ke kina da ɗiya mata biyu, shi yana da ɗaya. Ranar da aka rubuta a takardar likita cewa abin nan a jininmu yake, wa zai zo neman su? Niamey ƙauye ne, Balki. Ki bar shi ya gama ɗinkin mutane, bayan Sallah ya yi barcinsa.”

Na ce Baba ma bayan Sallah ya yi barcinsa.

Ban taɓa gaya wa Inna magana irin wannan ba. Ba ta mare ni ba, da ma ta mara. Ta tattara shinkafarta ta shige ɗaki, ta bar ni tsaye da gwangwani.

Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, kuma na san maganar yaran ba ƙarya ta yi ba. Da na dawo gida na daɗe ina kallon ɗiyata Samira tana barci da rana tsaka, baki buɗe, na ce Allah ya sa ta gado ubanta, wanda ko a taksi barci yake.

Alhamis, 27 ga azumi, ƙarfe huɗu saura na asuba

Barcin Mutari: babu.

Na wanke labulen gidan duka, na goge. Na sake jera kwanukan kicin. Lafiyata ƙalau, hutun lakwal ne ya sa na rasa abin yi.

Akwai wani abu a ƙasan akwatina, cikin tsohon ɗankwali. Yau na taɓa shi, ban buɗe ba.

Asabar, 29 ga azumi, ƙarfe takwas na dare

Barcin Mutari: babu.

An ga wata. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Tun la'asar masu kaya suka yi layi, kuma ya gama, wallahi ya gama duka, an goge an ninke. Na fari da ya gwada tasa Alhaji Zakari ne mai kanti, gajere kamar turmi. Rigar ta rufe masa ƙafa har tana share ƙasa, hannunta ya wuce yatsunsa da taƙi guda. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na biyu ya gwada, haka. Na uku, haka. Daga nan dariya ta ƙare. Riga fiye da arba'in, duk awo ɗaya: dogaye, masu faɗin kafaɗa. Mutum biyu kawai suka dace da nasu.

Awon Baba ne. Na wanke rigunansa shekara da shekaru, ba zan kasa gane tsawonsu ba.

Mutari ya tsaya a tsakiya yana cewa su ne suka tsaya ba daidai ba, su miƙe. Wani ya zage shi. Wani dattijo ya ce a bar yaro, ba a hayyacinsa yake ba, kuma wannan ta fi zagin ciwo. Telolin layin, waɗanda yake kira ragwaye, su suka shigo ba wanda ya roƙe su, kowa ya kwashi biyar ko shida ya tafi ragewa. Allah ya saka musu.

Da shagon ya watse ya zauna a ƙasa, ya ɗaga kai ya kalli ƙusar. Ya ce, “Yaya, na gaji.”

Lahadi, ranar Sallah, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Barcin Mutari: yana yi tun jiya. Bai je idi ba.

Inna ta ce alhamdulillahi, ba ta gaya mini ba? Na gaishe ta da Sallah, ta amsa tana kallon wani wuri.

Laraba, kwana uku bayan Sallah, ƙarfe biyar na yamma

Barcin Mutari: awa goma sha shida.

Ba barci ba ne, kwanciya ce. Idonsa biyu wani lokaci, yana kallon bango. Ya sa an rufe taga da bargo a wannan zafin. Nafissa ta kai masa fura ya kurɓa sau biyu. Ɗiyarsa ta shiga nuna masa lallenta, ya juya baya. Da na zauna kusa da shi abu ɗaya ya faɗa, wai ya ɓata sunan Baba a layin teloli.

Na kwashe almakasan gidan na kai nawa gida. Ban gaya wa Nafissa dalili ba, ba ta kuma tambaya ba.

Randebunmu, ranar komawa wurin likita, sai Laraba mai zuwa. Kwana tara zai cika ranar Talata. Na riga na nemi izini a lakwal, ranar Talata a bakin ƙofarsa zan yini.

Juma'a, kwana biyar, ƙarfe uku na dare

Awa goma sha bakwai.

Saura huɗu.

Asabar, kwana shida, ƙarfe uku da minti goma na dare

Awa goma sha biyar. Bai yi magana ba.

Na fara rubuta darussan zangon gaba, na kai watan shida. Lafiyata ƙalau.

Litinin, kwana takwas, ƙarfe bakwai na yamma

Ni na tanadi Talata, kamar ciwo yana duba kalanda.

Ina cikin aji ƙarfe goma Nafissa ta kira. Ta je kai yarinya allura, ta dawo ba ya ɗaki. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya gyara shimfiɗa. Wayarsa na kan matashi. Ban tambaye ta ina ya tafi ba. Na bar alli a hannun ɗan gaba, na tare kabu-kabu na ce Tondibia, na ce masa ya yi gudu kamar ya sato ni.

Shekara goma sha tara ban taka wurin ba, amma ƙafata ba ta ɓata ba. Ruwa ya ja baya sosai, duwatsu duk a waje. Mata na wanki can ƙasa, wani na ban ruwa a lambu. Na hango shi zaune a kan dutse, ya cire takalmansa ya jera su a gefe.

Ban kira shi ba. Na je na zauna a kan takalman.

Mun daɗe. Rana ta dake mu har na ji ƙwaƙwalwata na tafasa. Can ya ce ya zo ne ya ga wurin. Na ce to, ga shi mun gani. Ya ce ba ya jin komai, ko tsoro, ko kunya, kamar an kwashe kayan cikinsa an bar rigar. Sai ya ce:

“Yaya, wanda santsi ya kwashe yana alwala ba ya naɗe igiyar awonsa ya sa cikin takalmi.”

Ranar da aka sami takalman Baba, ni masuncin da ya tsince su ya miƙa wa su. A cikin na dama akwai igiyar awonsa, an naɗe ta tsaf kamar yadda yake yi idan ya tashi daga aiki. Na zare ta na tura cikin zanena kafin kowa ya gani. Ita ce a ƙasan akwatina. Ashe Mutari yana bayana, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya gani. Shekara goma sha tara yana ɗauke da ita shi kaɗai, ni ma ni kaɗai, muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Na ce masa Baba ba shi da lafiya ne, ba wanda ya sani, mu ma muka yi ta yi masa kirari. Na ce ciwo ne mai suna, mai magani, kuma likitar ta tambaye ni na yi mata ƙarya. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, “To ni ma can zan ƙare ke nan.”

Na ce, “Baba ba wanda ya biyo shi. Kai an biyo ka. Tashi, gindina ya ƙone a kan takalmanka.”

Bai yi dariya ba, amma ya tashi. Na riƙe hannun rigarsa har bakin titi, ban saki ba har Talladjé. Na kira Dokta Mariyam daga cikin taksi, ta ce kada a bar shi shi kaɗai ko minti ɗaya, mu zo gobe da sassafe.

Talata, kwana tara, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ce, kuma yana raye. Yana kwance a asibiti, Nafissa na gefensa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki ɗankwalin na kwance shi a kan teburin likita, a gaban Inna. Lambobin igiyar sun koɗe. Na faɗi komai, na Baba da na Kaka. Na jira a taka mini ƙafa.

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki igiyar. Ta ce da asubar ranar ta ga ya ciro ta daga ƙusa, ta yi murna, ta ɗauka ya warke zai koma aiki. Da aka kawo takalma ba ita, kuma ba ta a shago, ta san wani ya ɓoye, ta kuma san me ya sa. Ashe mu uku ne. Sannan ta gyara zama ta ba likita labarin Kaka da kanta, har da wani ƙanen Baba da ban taɓa jin sunansa ba.

Dokta Mariyam ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Ta ce yanzu ta san da wa take kokawa, za ta sauya magani, zai kwana biyu a wurinsu. Bayan haka kuma sai doka: kwanciya lokaci ɗaya, tashi lokaci ɗaya, hasken safe, ba shayin dare, ba ɗinkin dare, ko da Sallah ce gobe. Ta ce yaran gidan ma a kula da barcinsu, ba don a tsorata su ba. Inna ta tambaya ko yana iya zama tela a haka. Ta ce sosai, telan da ke mayar da ɗinki.

Laraba, kwana goma sha bakwai, ƙarfe uku da minti ashirin na dare

An sallame shi jiya. Barcin Mutari: awa tara.

Na kwafe lambobin. Na share tsakar gida.

Asabar, kwana ashirin, ƙarfe shida na yamma

Barcin Mutari: awa takwas.

Har yanzu maganarsa a hankali take, kamar mai tafiya cikin ruwa, amma ya ci tuwo, ya bar ɗiyarsa ta hau masa baya. Ina zaune a tabarmarsu ina rubuta awa takwas ɗin, ya ce in ba shi ya ga abin da ake ta rubutawa a kansa. Na so in hana, sai na tuna ɓoye-ɓoye ya ishe mu. Na ba shi na tafi taya Nafissa tankaɗe.

Da na dawo ya kai ƙarshe ya koma farko. Na zaci maganar kogin zai yi, ko ta rigunan. Sai na ga yatsansa a saman shafi yake, yana bin kanun ranakun ɗaya bayan ɗaya. Uku da rabi. Uku da kwata. Huɗu saura. Uku.

Ya ce, “Yaya Balki, ke wa ke rubuta naki?”

Na ce zafi ne. Na ce hutu ne, aiki ne, hankalina ne a tashe saboda shi. Ya bar ni na gama, kamar yadda likita ta bar shi ya gama ranar farko. Sannan ya ce, “Darussa har watan shida. Labule. Ni ma lafiyata ƙalau nake cewa.”

Laifi tudu ne. Wata guda ina ƙidaya barcin ƙanena, ban taɓa ƙidaya nawa ba. Da ya tilasta ni muka lissafa tare, tun goman tsakiya ban wuce awa uku ba a dare, kuma ban gaji ba. Ban gaji ba. Da na faɗi haka da bakina sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a Tondibia. Ni ma ɗiyar Malam Hamisu ce.

Ya aiki Nafissa kanti ta sayo kaye. Ya karɓi bairona ya rubuta a bango da rubutunsa na tela, manya-manya: Barcin Yaya. Wannan ne abu na fari da ya nemi yi da kansa tun ranar Sallah. Ya ce Laraba tare za mu shiga wurin likita, kowa da kayen ɗan'uwansa.

Lahadi, kwana ashirin da ɗaya, ƙarfe tara da rabi na dare

Barcin Mutari: awa takwas da rabi.

Ya kira yanzu. Ya tambayi na jiya, na ce uku, na ji ƙarar bairo. Ya ce in ajiye kayen nan, in kashe fitila, zai kira ƙarfe shida ya ji.

Idona a bushe yake, ga guga tana jirana. Zan kashe.